Baleba ko Wharton: wa ya kamata United ta zuba kuɗinta a kansa?

Tun watan Agustan 2025 da labari ya fito cewa Manchester United na zawarcin Carlos Baleba na Brighton musun nan ya ƙi ƙarewa, a gidan kallo, a majalisa, a guruf ɗin WhatsApp, duk inda 'yan United biyu suka haɗu sai an tayar da shi. Idan kuɗin mutum ɗaya ne a hannu, Baleba za a ɗauko ko Adam Wharton na Crystal Palace? Abin da ke damuna da yadda ake musun shi ne yawanci kowa bidiyon minti uku ya kalla a waya ya zo yana rantsuwa, alhali lamba shida, wato ɗan tsakiyar da ke tsayawa a gaban 'yan baya, shi ne wurin da bidiyon minti uku ya fi yi wa mutum ƙarya, saboda rabin aikin ɗan wasan ana yin sa ne lokacin da ƙwallo ba ta ƙafarsa kuma kyamara ba ta kansa.

A takarda kamar tagwaye suke. Dukkansu haihuwar 2004 ne, dukkansu 'yan hagu ne, dukkansu a gaban 'yan baya suke tsayawa, kuma dukkansu ƙungiyoyinsu sun same su da araha. Brighton ta ɗauko Baleba daga Lille a Agustan 2023 kan kusan fam miliyan 23, makonni kaɗan bayan ta sayar wa Chelsea Moisés Caicedo kan fam miliyan 115. Palace kuma ta ɗauko Wharton daga Blackburn Rovers a farkon Fabrairun 2024 kan fam miliyan 18 da zai iya kaiwa 22. Amma da zarar an busa usur kamannin ya ƙare, aiki biyu daban suke yi, kuma wanda bai gane wannan ba zai sayi abin da ba shi yake buƙata ba.

Bari in fara da Baleba tunda shi ne namu, ɗan Douala ne a Kamaru, maƙwabcinmu, kuma ba zan ɓoye ba raina na son ganin yaron nan ya yi nisa. A makarantar ƙwallo ta Brasseries du Cameroun ya taso kafin Lille ta kai shi Faransa a farkon 2022. Abin da za ka fara gani a jikinsa shi ne ƙarfi da sauri a taku biyar na farko. Ba dogo ba ne can, amma jikinsa a murɗe yake, idan ya sa kafaɗa tsakaninka da ƙwallo to ka haƙura kawai. Yana da wani abu da nake matuƙar so, zai karɓi ƙwallo yana fuskantar ragarsu, ɗan adawa ya manne masa a baya yana tura shi, maimakon ya mayar wa gola ko ɗan baya kamar yadda yawanci ke yi sai ya bar mutumin ya jingina da shi sosai, sannan ya juya ta gefen hagu ya bar shi a nan, ya ja ƙwallon mita ashirin ko talatin zuwa gaba. Da wannan juyin guda ɗaya ya kashe firesin, wato matsin da mutum uku suka taho yi masa. Lamba shida da ke iya wannan ba su da yawa a duniya, kuma shi ne dalilin da ya sa ake kiran kuɗi mai nauyi a kansa.

Idan kuma ƙwallo ta kuɓuce wa ƙungiyarsa, nan ne za ka ga amfanin ƙafafunsa. Brighton ƙungiya ce da ke tura mutane gaba da yawa, musamman a hannun koci Fabian Hürzeler wanda ke son 'yan bayansa su hau har kusan tsakiyar fili, to duk sanda aka ƙwace aka taho kanta, wato harin ramuwa cikin sauri, akwai fili fetal a baya, kuma Baleba ne ke cin wannan filin da gudu. Yana iya baro gefen dama ya isa gefen hagu ya tare ɗan gaba kafin ya shiga da'ira ta 18. Irin aikin da Kanté ya riƙa yi a Leicester da Chelsea ke nan, ko da yake ban ce ya kai Kanté ba, akwai sauran tafiya.

Wanda yake son ya ga Baleba gaba ɗayansa, kyau da aibi, ya nemi wasan da Brighton ta ci United 3-1 a Old Trafford ranar 19 ga Janairun 2025. Minti biyar da farawa ya ɗaga kai daga cikin gidansu ya jefa dogon fasin ta saman 'yan bayan United, ƙwallo ta sauka gaban Mitoma, Mitoma ya gangaro wa Minteh ya zura. Fasin ne na gwani. Ba a jima ba kuma shi ɗin dai ya riƙo Zirkzee a cikin da'ira aka ba da fenariti Bruno ya farke. To ka ga mutumin ke nan, a cikin rabin lokaci ɗaya ya ba ka ƙwallo ya kuma karɓe. Haka a Nuwamban 2024 a gidan Bournemouth ya karɓi yalo biyu aka kore shi, 'yan uwansa suka ƙarasa kusan rabin awa da mutum goma, Allah ya taimake su suka tsira da 2-1. Yana shiga takal da zuciya ɗaya, kuma wani lokaci zuciyar ta kan riga tunanin isa wurin.

Harbi ma yana da shi. Ya ci Chelsea a wasan nan na 4-2 da Cole Palmer ya zura huɗu kafin hutun rabin lokaci, bayan ya tsinke fasin ɗin gola. Sai wadda kowa ya sani, ranar 26 ga Afrilun 2025 da West Ham, ana 2-2 lokaci ya cika ana cikin ƙarin mintuna, ya samu ƙwallo daga nesa ya lanƙwasa ta da hagu ta shige kusurwa, ya bi da tsalle-tsallen alkafura. Ita aka zaɓa ƙwallon da ta fi kyau a Firimiya a watan.

Abin da ya fi tsaya min a rai game da shi ba katin ba ne, rashin ɗorewa ne. Bayan cinikin United bai yiwu ba a bazarar 2025, Baleban da ya fara kakar 2025/26 ba shi ne na bara ba, sau da dama koci ya cire shi a hutun rabin lokaci, fasin na kusa yana ɓacewa, yana makara wurin rufe gurbi. Yaro ne, kuma duk wanda aka ce masa babbar ƙungiya na nemansa sannan ƙofa ta rufe dole abin ya taɓa shi, wannan ban zarge shi ba. Amma mai saye dole ya tambayi kansa, idan surutun wata ɗaya ya girgiza shi haka a Brighton inda ba a cika takura wa 'yan wasa ba, yaya zai yi a Old Trafford inda kuskure ɗaya ake kwana uku ana maimaita shi a talabijin?

Yanzu Wharton. Shi ɗan garin Blackburn ne a arewacin Ingila, tun yana ɗan shekara shida yake makarantar ƙungiyar, yayansa Scott ma ɗan baya ne da ya taso a can. Idan ka gan shi a fili karo na farko ba zai burge ka ba, siriri, safa a zube ƙasa, yana tafiya kamar wanda bai damu ba. Kuma wasansa na farko a Palace bai yi daɗi ba, a gidan Brighton ne aka sako shi daga benci, aka ƙwace ƙwallo a ƙafarsa aka ci su da ita, aka tashi 4-1. Amma wata huɗu bayan wannan ranar yana cikin tawagar Ingila ta gasar Turai ta 2024. Daga Championship, gasar da ke ƙasa da Firimiya, zuwa tawagar ƙasa a wata huɗu, ai ka san akwai abin da masu ido suka gani.

Abin da suka gani shi ne wannan, kuma ina roƙon duk mai musu ya gwada da kansa. Ran da Palace ke wasa ka daina bin ƙwallo na minti goma, ka zuba wa Wharton ido shi kaɗai. Kafin ƙwallo ta iso shi za ka ga ya waiga kafaɗar hagu, ya waiga ta dama, wani lokaci sau biyu sau uku, sannan ya gyara tsayuwa ya buɗe jikinsa rabi yana kallon gaba rabi yana kallon mai ba shi. To lokacin da ƙwallon ta taɓa ƙafarsa ya riga ya gama shawara. Taɓawa ɗaya, ta wuce tsakanin 'yan tsakiya biyu na abokan hamayya ta sami lamba goma, wato mai tsayawa a bayan ɗan gaba, a ƙafar da ya fi so, da ƙarfin da zai ba shi damar juyawa ba tare da ya tsaya gyara ta ba. Kamar direban da ya haddace hanya ne, tun kafin ya kai ramin ya riga ya kauce, fasinja bai ma san akwai rami ba. Shi ya sa ba ya buƙatar yanka mutum uku, bai bari ma sun iso shi ba.

Kuma fasin ɗinsa gaba yake zuwa, wannan shi ne bambancinsa da 'yan tsakiya da yawa da ake yabo saboda alƙaluma. Akwai masu kammala fasin casa'in cikin ɗari amma duk gefe da baya ne, daga ɗan baya zuwa ɗan baya, ƙungiya na riƙe da ƙwallo amma ba ta zuwa ko ina. Wharton zai ɗauki kasada ya cusa ta ta tsakiya, wani lokaci a tare, amma idan ta wuce an tsallake layi guda na abokan hamayya. Lokacin da Oliver Glasner ya karɓi Palace a Fabrairun 2024 ya kafa tsarin 'yan baya uku, 'yan tsakiya biyu, da mutum biyu a bayan Mateta, wato Eze da Olise, Wharton ne bututun da ke kai musu ƙwallo da wuri kafin a rufe su. A wasanni bakwai na ƙarshen kakar suka ci shida, ciki har da 1-0 a Anfield, da 5-0 da suka yi wa Aston Villa, da kuma 4-0 da suka lallasa United a Selhurst Park ranar 6 ga Mayu, daren da Casemiro ya buga a baya aka yi ta wuce shi. Duk ɗan United da ya kalli wasan nan ya san abin da nake nufi, yaro ɗan shekara 20 ne ya riƙe tsakiyar filin kamar gidansu.

Masu cewa ba ya ƙwace ƙwallo, wannan ba gaskiya ba ne, salon ƙwacewar ne daban. Baleba zai bi ka ya ture ka ya karɓa. Wharton zai karanta inda za ka bayar ya riga ka zuwa, ko ya jira ka yi taɓawa mai tsawo ya zura ƙafa. A wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA da Aston Villa a Wembley, wanda aka buga a ranar nan dai ta 26 ga Afrilun 2025 da Baleba ya ci West Ham, shi ya ƙwato ƙwallon da ta zama ta biyu a wasan, wadda Ismaïla Sarr ya ci, aka tashi 3-0. Ranar 17 ga Mayu suka doke Manchester City 1-0 a wasan ƙarshe, Eze ya ci, Henderson ya tare fenaritin Marmoush, babban kofi na farko a tarihin Palace, kuma Wharton na tsakiya yana fama da 'yan City har ya samu buguwa a kai. A Agusta kuma a Community Shield da Liverpool shi ya zura wa Sarr fasin ɗin da aka farke ta biyu kafin su ci a bugun fenariti. Ina kawo waɗannan ne saboda tambayar da na yi a kan Baleba, wato yaya zai yi idan wuta ta yi zafi, shi Wharton an riga an gwada shi a Wembley sau uku cikin wata huɗu kuma bai rikice ba.

Amma shi ma yana da nasa, kuma ba ƙanana ba ne. Na farko jiki. An yi masa tiyata a matsematsi a ƙarshen 2024 ya yi kusan wata uku ba ya wasa, kuma kafin tiyatar ma da ciwon yake bugawa, kowa ya ga ba shi ba ne. Ƙungiyar da ke son buga wasa hamsin ko sittin a kaka dole ta yi tunani a kan wannan. Na biyu gudu, idan aka bar shi shi kaɗai a fili mai faɗi da ɗan gaba mai sauri to an gama da shi, ba zai kamo ba. A Palace ba a cika ganin wannan ba saboda akwai 'yan baya uku a bayansa, ga Will Hughes ko Kamada ko Lerma a gefensa, kuma ƙungiyar ba ta hawa sama sosai, tana matsewa ne ta jira. Na uku ba ya cin ƙwallo, har ƙarshen kakar 2024/25 bai zura ko ɗaya a Firimiya ba. Ni wannan na ukun bai dame ni ba ko kaɗan, ba aikinsa ba ne, amma na san akwai waɗanda za su kawo shi.

To yanzu ga ainihin maganar. Tambayar wa ya fi wani ba ta da amsa sai ka faɗa min wa zai tsaya kusa da shi. Duk manyan 'yan tsakiya masu fasin da muka sani da mai yi musu dako suka yi suna, Pirlo yana da Gattuso a Milan, Xabi Alonso yana da Mascherano a Liverpool, Jorginho yana da Kanté lokacin da Chelsea ta ɗauki kofin Zakarun Turai a 2021, Kroos da Modric kuma Casemiro ne ya share musu hanya shekara da shekaru. Mutum ɗaya da ke yin aikin biyun a lokaci guda irin Rodri, wanda ya ɗauki Ballon d'Or a 2024, ba kullum ake haifarsa ba, kuma a cikin yaran nan biyu babu wanda ya kai can tukuna. Saboda haka idan ƙungiyarka tana da mai gudu da ƙarfi, misali irin Declan Rice ko Caicedo ko Valverde, ba ka da abin yi da Baleba, Wharton za ka ɗauka ido rufe. Idan kuma kana da mai raba ƙwallo amma ana ratsa tsakiyarka kamar babu kowa, Baleba ne maganinka.

Matsalar United ita ce ba ta da ko ɗaya a cikin biyun yadda ya kamata, shi ya sa musun ya yi zafi. 'Yan ɓangaren Baleba hujjarsu mai ƙarfi ce kuma na yarda da rabinta. Suna cewa a duba yadda ake cin United, a ƙwace ƙwallo a tsakiya, fasin biyu, sai ga mutum huɗu sun taho a guje kan 'yan baya, Casemiro haihuwar 1992 ne ƙafa ta yi nauyi, Bruno hankalinsa na gaba, Kobbie Mainoo gwani ne a wuri matsattse amma ba mai cin fili ba ne. Suka ce ka sa Wharton kusa da Mainoo ka samu yara biyu masu kyawun taɓa ƙwallo da za a riƙa wucewa ta gefensu. Wannan gaskiya ne, ban musa ba, Wharton da Mainoo su biyu kaɗai a tsakiya ba zai yi ba a Firimiya.

Inda na rabu da su shi ne tarihin sayayyar ƙungiyar. Tun da Michael Carrick ya yi ritaya a 2018, mutumin da ya zo daga Tottenham a 2006 ya ɗauki Firimiya biyar da Zakarun Turai, me United ta yi ta saye a wannan gurbin? Fred daga Shakhtar a 2018, mai gudu. Casemiro a 2022, mai ƙwacewa, kuma ya yi kaka ɗaya mai kyau ƙwarai. Amrabat aro a 2023, mai faɗa. Ugarte daga PSG a 2024 kan sama da fam miliyan 40, wanda aka kawo shi musamman saboda yawan takal. Duk masu ƙarfi ne, duk masu zuciya ne, kuma da Casemiro da Ugarte ɗin ƙungiyar ta ƙare ta 15 a kakar 2024/25 da maki 42. Me ya sa? Saboda yawancin kantar da ake yi wa United ba daga rashin mai gudu take farawa ba, daga zubar da ƙwallo take farawa. Gola ya ba ɗan baya, ɗan baya ya ɗaga kai ya ga lamba shida ya ɓuya a bayan ɗan adawa ba ya son karɓa, sai ya doka ta sama, a ƙwace, a dawo. Ko lamba shidan ya karɓa yana kallon gida, ya yi taɓawa uku, a rufe shi. Idan kana zubar da ƙwallo sau ashirin a wuri mai haɗari, ko Kanté biyu ka sa sai sun gaji. Wanda zai rage zubarwar daga tushe ya fi wanda zai riƙa bin ta da gudu bayan ta zube.

Na san za a ce Baleba ba Ugarte ba ne, kuma haka ne, ya fi shi iya ƙwallo nesa ba kusa ba, yana karɓa a matse yana juyawa. Amma hanyarsa ta fita daga matsi ita ce ya ja ƙwallon da kansa, kuma wannan hanya ce mai kasada a gaban 'yan bayanka, ran da ta yi kyau za a tafa, ran da aka ƙwace babu kowa a bayansa tunda shi ne mai gadin. Sannan idan United ta haɗu da ƙananan ƙungiyoyi da ke zuwa Old Trafford su tsaya mutum goma a baya, wanda shi ne rabin wasanninta na gida, babu filin da zai ja ƙwallo ya shiga, abin da ake buƙata a ranar shi ne mai juya wasa daga hagu zuwa dama da sauri har ƙofa ta buɗe, sannan ya cusa ta a daidai lokacin. Wannan aikin Wharton ne, Baleba bai nuna yana da haƙurin yin sa minti casa'in ba.

Sai maganar kasuwa, wadda ita ce ta yanke min hukunci. Tun da aka sayi Enzo Fernández da Rice da Caicedo kowanne sama da fam miliyan 100 a 2023, duk ƙungiyar da ke da matashin lamba shida a Firimiya ta san abin da za ta kira, kuma rahotannin bazarar 2025 sun ce Brighton ba za ta saurari abin da bai kai irin wannan ba. Palace ma ba za ta sayar da araha ba. To tunda duk wanda ka ɗauka sai ka nemo masa abokin tsayuwa, wanne abokin ne ya fi sauƙin samu? Matashi mai huhu da ƙarfi da zai yi wa Wharton dako ana samunsa a Faransa, a Beljiyam, a Fotugal, da kuɗin da bai kai rabin wannan ba, Brighton ɗin kanta ai da araha ta samo Caicedo da Baleba. Amma mai idon Wharton da zai tsaya kusa da Baleba, wanda zai karɓi ƙwallo a matse ya raba ta gaba da taɓawa ɗaya kuma an riga an gwada shi a Firimiya, je ka nemo shi ka ga nawa za a ce maka, in ma ka same shi. Babban kuɗi a kan abin da ke da wuyar samu ake zuba shi.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da ke ƙara nauyi a ɓangaren Wharton, ko da yake ba zan so a ce su ne dalili ba. Dokar Firimiya ta ce a cikin 'yan wasa 25 da za ka yi wa rajista waɗanda ba su taso a Ingila ko Wales ba kada su wuce 17, Wharton ya cika sharaɗin ɗan gida, Baleba kuwa ya zo yana da shekara 19 bai cika ba. Sannan gasar cin kofin Afirka, wadda aka yi a Maroko daga Disamban 2025 zuwa Janairun 2026 Baleba ya tafi da Kamaru har suka kai zagayen kwata fainal, kuma lokacin ne wasannin Ingila suka fi cunkushewa. Ni a wurina ɗan Afirka ya tafi yi wa ƙasarsa wasa abin alfahari ne, kuma ba na jin daɗin yadda wasu ƙungiyoyin Turai ke ɗaukar abin kamar laifi, amma mai lissafin kuɗi zai saka shi a sikeli ko mun so ko mun ƙi.

Abin da zai iya juya min ra'ayi guda ɗaya ne, lafiyar Wharton. Idan likitocin ƙungiya suka duba suka ga ciwon nan na matsematsi mai dawowa ne, to a bar shi, domin gwanin da ke kan gadon jinya rabin kaka bai amfane ka da komai ba, kuma United ta sha wannan da 'yan wasa da dama. A wannan halin sai a koma kan Baleba, amma da sharaɗi biyu, kada a biya kuɗin Caicedo a kan yaron da kaka ɗaya cikakkiya mai kyau ya yi, kuma kada a jefa shi shi kaɗai a ce ya gyara komai. A sa masa babba kusa da shi mai yi masa magana a fili, ya riƙa ce masa tsaya, kada ka shiga, bar shi ya zo, saboda yawancin kurakuransa na gaggawa ne ba na rashin iyawa ba, kuma irin wannan yana gyaruwa da shekaru da koci mai haƙuri.

Idan kuwa lafiya ƙalau yake, ni Wharton zan saya, in sa shi a gaban 'yan baya, in nemo masa mai gudu a gefensa a kasuwar da ta fi araha, in tura Mainoo ko Bruno gaba kaɗan inda fasin ɗinsa zai riƙa samunsu suna fuskantar raga. Baleba kuma ina masa fatan ya ƙara kaka ɗaya ko biyu a inda ake buga shi kowane mako ba tare da hayaniya ba, ya rage katin, ya koyi lokacin da ake jan ƙwallo da lokacin da ake sakinta, don in ya haɗa wannan da jikin da Allah ya ba shi, kuɗin da Brighton ta kira a 2025 zai zo ya zama daidai da shi.